Shin Marubutan Nan Aljanu Gare Su?

Kwanakin baya wata uwa tamu mai sayar da kuka da daddawa a kasuwar Matamaye ta tare ni a bakin rumfarta. Bayan mun gaisa ta tambaye ni mutanen Dawce, sai ta ce, "Ɗan nan, kai da ke karanta mana littattafan nan a rediyo, don Allah gaya mini gaskiya. Matan nan na Kano masu rubuta su, aljanu gare su ne? Yau ka gama na wance, gobe ka ce ga wani sabo nata ya fito. Ni fa lissafin adashinmu kaɗai, sai mun wuni da jikata kafin ta shigar da shi cikin kaye." Na buɗe baki zan ba ta amsa ke nan sai masu ciniki suka rufe ta, ni kuma na san ba a tsayar da ɗan kasuwa da surutu ranar kasuwa. Shi ya sa na ga bari in kawo amsar a wannan fili, tunda na tabbata ba ita kaɗai ce ke da wannan tambaya ba.

Inna, babu aljani ko ɗaya a cikin lamarin. Abin da ke sa marubucin Hausa ya jera littafi bayan littafi, ke kin fi ni saninsa, domin kuwa shi ne abin da ke sa ki fito kasuwa ko kina jin zazzaɓi: jari ƙarami ne, riba kaɗan ce, in ba a juya shi da sauri ba sai a cinye uwar kuɗin.

Saurin rubutu kansa ba yau ya fara ba a ƙasar Hausa. A 1936 aka ɗauko Malam Abubakar Imam daga aikin koyarwa a Katsina aka kai shi Zariya, cikin wata shida ya haɗa Magana Jari Ce, littafi uku cur, wanda har gobe ake karantawa. To amma a lura da yadda aka yi: an sauke masa aikin aji, ana biyansa albashi, kuma akwai hukumar da ke jira ta buga ta raba wa makarantu. Shi nasa kawai ya zauna ya rubuta. Marubutan da Inna ke tambaya a kansu ba su samu ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Babu wanda ya sauke wa matar aure girki da wanki da rainon yara don ta yi rubutu, babu kuma hukumar da ke jiran abin da ta rubuta.

Ga yadda abin ya samo asali. A 1976 Nijeriya ta buɗe ilimin firamare kyauta ga kowa, yara maza da mata suka cika makarantu. Bayan shekara goma waɗannan yaran sun zama samari da 'yanmata, sun iya karanta boko, suna neman abin karantawa da harshensu. A daidai lokacin ne kuma tattalin arziki ya karye, gwamnatin Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu a 1986, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i irin su NNPC ta Zariya, wadda ta buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980, suka ja baya daga buga labaran ƙirƙira suka fi karkata ga littattafan makaranta. Ga masu saye, babu kaya. Duk ɗan kasuwa ya san abin da ke biyo bayan wannan. Sai matasa suka fara tara 'yan kuɗinsu suna kai rubutunsu ƙananan maɗaba'u suna bugawa da kansu. Talatu Wada Ahmed ta fito da Rabin Raina a tsakiyar shekarun 1980, Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya a 1987, Ado Ahmad Gidan Dabino ya zo da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990, Bilkisu Ahmed Funtuwa ta zo da Allura Cikin Ruwa a 1994. Daga nan sai abin ya zama kamar an ɓalle bakin tafki.

Yanzu bari mu shiga lissafin, domin nan ne amsar take. Marubuciya ta gama labarinta, ta sayar da 'yan kunnenta ko ta ɗauki adashi ta biya mai maɗaba'a. Kuɗinta ba zai isa ta buga labarin gaba ɗaya a dunƙule ba, kuma ko ta buga, yarinyar da za ta saya da kuɗin da ta rage daga cefane ba za ta iya sayen ƙaton littafi ba. Sai ta yanka shi: na ɗaya, na biyu, na uku, wani lokaci har na huɗu, kowanne ɗan siriri mai shafi ɗari ko ƙasa da haka. Mu mutanen yankin Matamaye bai kamata a yi mana dogon bayani kan wannan ba, tunda ƙasar rake ce. Mai rake ba ya jiran wanda zai sayi sanda guda, yanka shi yake gaɓa-gaɓa, mai dala biyar ya samu, mai dala goma ya samu. Kuma tana sane take tsayar da na ɗaya a daidai inda zuciya ta tsinke, amarya ta faɗi sumammiya ko an buɗe ƙofa ba a faɗi wanda ya shigo ba, don mai karatu ya dawo ya sayi na biyu, kuɗin na ɗayan kuma su ne za su buga na biyun.

Saboda haka in kun ji an ce wance ta rubuta littafi sittin, ku tambaya tukuna: sanda sittin ko gaɓa sittin? Sau da yawa labari ashirin ne aka yanka uku-uku. Ban faɗi haka don in rage musu daraja ba, labari ashirin ma ba wasa ba ne, ni da ko ɗaya ban rubuta ba. Na faɗa ne don a san mudun da ake awo da shi.

Bayan an buga, sai ta kai wa masu shagunan littattafai na kasuwar Sabon Gari da sauran kasuwannin Kano. Su kuma galibi ba kuɗi hannu suke biya ba, karɓa suke yi sai sun sayar, su riƙa ba ta tsinta-tsinta, yau kaɗan, wani mako kaɗan. Daga can ƙananan 'yan kasuwa ke sarowa su bazu da shi Katsina, Sakkwato, Maraɗi, wasu su biyo ta Daura su ƙetaro Ɗan Barto su iso mana nan, ya wuce har kasuwar Dole a Damagaram. Littafi kuwa a wannan kasuwa kamar tumatir yake, kwanakin farko ne ake rububinsa, da sabo ya fito an manta da shi. Marubuciyar da ta yi shekara biyu shiru, in ta dawo sai ta tarar wata ta zauna a rumfarta. Wadda kuma jarinta ya karye, sai ta sayar wa ɗan kasuwa labarin ɗungurungum a kan kuɗi ƙayyadadde, ya buga sau nawa ya ga dama, ita ba ta da sauran haƙƙi. Mai irin wannan ciniki, me zai fisshe ta in ban da ta koma gida ta fara wani?

Sai tambaya ta biyu da na san Inna za ta yi: to labaran fa, ba sa ƙarewa? Ina za su ƙare alhali kuna nan? Ku da ke zaune a rumfa tun hantsi har la'asar sakaliya, labari nawa kuke ji a wuni ɗaya? Wadda aka saka da cikin wata bakwai, wanda ya tafi Libiya shekara biyar babu saƙo, yarinyar da aka cire daga lakwal aka ba abokin ubanta, kishiyoyin da suka haɗe kai suka kori uwar miji. Marubuciya kunne gare ta irin naku, bambancin kawai ita in ta koma gida sai ta ɗauki biro. Gidan biki, layin awo a asibiti, bakin kotun alƙali, cikin motar haya, duk gonarta ce. Wasu ma ba sai sun fita ba, abin a jikinsu ya faru. Balaraba Ramat, ƙanwar marigayi Janar Murtala, tana yarinya ƙarama aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure, daga baya ta koma karatun manya. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin inda ta samo Wa Zai Auri Jahila? ba, ko Alhaki Kuykuyo Ne na 1990, wanda har wani kamfani a Indiya ya buga fassararsa ta Turanci a 2012.

Akwai kuma abin da masu sana'ar ba su cika son a faɗa ba. Mai rubutu da yawa yana da ƙirarsa, kamar yadda tela ke da yankansa. Da zarar hannu ya saba, yadi ne kawai ke canzawa: yarinya talaka, saurayi ɗan masu kuɗi, uwar da ta ce ba ta yarda ba, makirar ƙawa, boka, haɗarin mota, sannan gaskiya ta yi halinta. Wasu kuma ba sa jin kunyar ɗebo daga finafinan Indiya su sa wa mutanen ciki sunan Hausa. Telan da ya ɗinka riga dubu ba ya tsayawa tunanin inda hannu zai zauna. Shi ya sa littafi na goma ya fi na farko saurin fita, ko da bai fi shi daɗi ba.

Lokacin rubutun kuwa sata ake yi daga barci. Bayan isha'i in yara sun kwanta, ko bayan asuba kafin a ɗora ruwan koko, a cikin kayen 'yan makaranta, shafi biyar yau, shafi bakwai gobe. Ku lissafa da kanku: mai cika shafi biyar kullum, a wata ɗaya ta cika ɗari da hamsin. Abin da Inna ta ɗauka aikin aljanu ne, adashi ne, zubi kaɗan-kaɗan da ba a tsallake rana.

Kuma kada a ce wannan halin namu ne kaɗai. A Ingila an yi wani marubuci, Anthony Trollope, ma'aikacin gidan waya ne, amma ya bar littattafan labari 47. Ƙarfe biyar da rabi na asuba yake zama, ya ajiye agogo a gabansa, ya ɗora wa kansa kalma 250 duk minti goma sha biyar, ya yi awa uku sannan ya tafi aikin gwamnati. In ya gama littafi da sauran lokaci, a take yake jawo sabuwar takarda ya fara wani. Mu da muka yi lakwal da Faransanci mun san Georges Simenon ɗan ƙasar Beljiyam, wanda labaran ɗan sandansa Maigret kaɗai sun kai littafi 75. Shi rufe kansa yake a ɗaki, ba ya ganin kowa, cikin kwana goma sha ɗaya ko ƙasa da haka ya fito da littafi. Barbara Cartland ta Ingila, mai labaran soyayya 723, ita ko alƙalami ba ta cika riƙewa ba, tana kishingiɗe tana faɗa sakatariya na rubutawa. Alexandre Dumas na Faransa kuwa yaron shago gare shi, Auguste Maquet, wanda ke tsara masa ƙashin labari shi ya zuba nama, har daga baya rigimar kuɗi da suna ta kai su gaban alƙali. Ashe ko can, in ka ga kaya na fita da yawa, ko dai akwai agogo, ko akwai yaran shago, ko akwai bashi a wuya.

To amma gaggawa tana da kuɗinta, kuma ni da nake karanta littattafan nan da baki a gaban makirfo na fi kowa ganinsa, don abin da ido ke tsallakewa baki ba ya iya tsallake shi. Na taɓa karanta wani da aka fara da yarinya sunanta Zainab, muna shiga na biyu ta koma Zulaihat ba tare da an yanka rago ba. Na karanta wanda aka binne kawu a na biyu, a na uku sai ga shi yana karɓar sadaki. Masu saurare suka yi ta bugo waya suna tambaya ko tashi ya yi. Ga kuma ciko: shafi huɗu ana lissafa akwatunan lefe, shafi uku ana kwatanta falo da labule da irin motar da aka zo da ita, duk don gaɓar ta cika ta kai a sayar. Wannan dai ku kun san sunansa, shi ne a zuba ƙaiƙayi a gindin mudu.

Irin wannan ne ya sa tun a shekarun 1990 Malam Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa harkar suna Adabin Kasuwar Kano, yana ganin abu ne mai wucewa, Farfesa Abdalla Uba Adamu da wasu kuma suka tsaya mata, aka yi ta kai ruwa rana a jaridu. A 2007 ma har hukumar A Daidaita Sahu ta Kano ta tara littattafai ta cinna musu wuta a kan suna ɓata tarbiyya. Ni ban ga hikimar ƙona littafi ba, kuma ban ɗauki kalmar kasuwa a matsayin zagi ba, da kuɗin kasuwa aka yi mini karatu har na samu bak. Matan aure nawa ne suka riƙe karatun bokonsu bai zube ba saboda waɗannan 'yan littattafan? Ko a gidanmu akwai. Amma kuma ba zan ce masu sukar ba su da gaskiya ko kaɗan ba. Abdoulaye Mamani namu na nan jihar Damagaram, da littafi ɗaya aka fi saninsa, Sarraounia na 1980, wanda Med Hondo ya mayar fim har ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Guda ɗaya ne, amma an zauna an dafa shi ya nuna. Da yawa daga marubutan Kano suna da basirar da za su yi irinsa, lokacin zama ne ba su da shi.

Abin tambaya a nan shi ne, wa ya hana su lokacin? A nan fa sai mu dubi kanmu. Littafi ɗaya za a saya a unguwa, ya zaga gida ashirin har bangonsa ya cire a ɗinke da zare. Mai haya ta sayi kwafi ɗaya ta ci ribarsa sau hamsin, wadda ta rubuta ba ta ga ko dala ba. Mu ma 'yan rediyo ba mu fita ba, kuma da kaina zan fara. Na yi shekaru ina karanta littattafan mutane a iska, 'yan kasuwa na biyan kuɗin talla a tsakiyar shirin, ban taɓa tunanin neman izinin mai littafi ba, a ganina ma taimakonta nake ina tallata ta. Sai wata rana wata marubuciya ta samu lambata ta kira ni daga Kano. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Malam, na ji an ce kana karanta littafina, na gode. Amma tunda ka karanta musu har ƙarshe, wa zai saya?" Na rasa abin da zan ce mata.

Yau harkar ta bar takarda ta koma waya, amma igiyar ba ta saki wuyansu ba, ƙara shaƙewa ta yi. Kasuwar littafin bugawa ta ja baya ƙwarai, wasu fitattu irin su Nazir Adam Salih da Fauziyya D. Sulaiman suka karkata ga rubuta labarin fim da wasannin talabijin. Sababbin marubuta kuwa a WhatsApp da Wattpad suke. Su ba a ba su ko wata guda ba, kullum sai sun saki shafi, da babban yatsa suke bugawa a kan waya, in an kwana ɗaya ba a ga ci gaba ba sai masu karatu su cika zauren da ƙorafi, ko da kuwa ɗanta ne ke kwance asibiti. Tsarin yankan rake yana nan: shafukan farko kyauta, in labari ya kama ki sai a ce ki biya a saka ki a zauren masu biya, mu na Nijar har lamba ta daban ake ba mu ta tura kuɗi. To sai mutum ɗaya ya biya, ya kwashe labarin ya watsa wa zaure goma. Wani ya ɗauka ya karanta da murya ya ɗora a YouTube yana cin kuɗin talla. 'Yan kasuwa, ku gaya mini, in aka yi wa buhun gerona haka me za ku kira shi?

Abin ya shafe mu ta wata fuskar ma. A 2025 dokar ƙasa ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar, muka yi murna. Amma har yanzu yawancin labaran da muke saurare da Hausa daga ƙetaren iyaka suke zuwa, da sunayen unguwannin Kano da Kaduna, alhali ga 'yanmata a Matamaye da Kance da Magarya da ke da labarin da ya fi wannan, na tafiya Aljeriya, na noman rake, na auren ƙetare. Na san wasu suna rubutawa a ɓoye cikin kaye. Wace ce a cikinsu za ta fito da shi in ta ga yadda muke yi wa na gaba da ita?

Ni dai abin da ke hannuna na fara. Yanzu ba na buɗe littafi a shirina sai na nemi mai shi na samu yardarta, kuma na roƙi 'yan kasuwar da ke ɗaukar nauyin shirin su ƙara wani abu a kan kuɗin talla wanda za a tura mata. Biyu sun yarda, ɗaya ya ce shi bai ga dalili ba tunda da can ba a yi. Ina kira ga sauran abokan aikina na Damagaram da Maraɗi su gwada, ku kuma iyayenmu da yayyenmu mata masu zauren karatu a waya, in kuɗin littafi jika ɗaya ne, ku biya jikar, kada ku jira wadda za ta sato muku.

Da kasuwa ta zagayo na koma wurin Inna na yi mata wannan bayani a taƙaice. Ta saurare ni tana ƙulla daddawa, sannan ta ce, "To na ji, ba aljanu ba ne. Amma wancan da ka karanta mana bara, wanda aka tsaya an kai amarya gidan da ba nata ba, ina na huɗunsa?" Na ce mata na tambaya, mai littafin ta ce ta rubuta shi tun tuni yana cikin kaye, kuɗin na ukun ne har yau ba su dawo ba.